Ku Bar Alcide a Kan Tudu

Shugaban wannan taro, Kwamanda Thibault, magajiyar garinmu, limamin cocinmu Fada Comeau, tsofaffin ma'aikatan jirgin ruwan sintiri mai suna Port Ansel da matansu, jama'a, barkanku da zuwa.

Sunana Verna, matar marigayi Alcide Surette, makaniken wannan jirgi. Na gode da aka ba ni magana a ranar da ake sallamar jirgin daga aiki. Ban yi karatu mai nisa ba, abu uku kawai zan faɗa.

Na farko, jirgin nan ya yi shekara talatin da huɗu yana tsare gaɓarmu. Ya kori masu satar kifi, ya tsamo masunta goma sha ɗaya daga ruwan ƙanƙara, ya jawo ƙananan jiragen da ba su ƙirguwa. Bindigarsa kuwa sau ɗaya aka harba ta da gaske, har yau ana gardamar abin da aka sama.

Na biyu, kuna yabon mijina cewa shekara ashirin da shida ba ya barin ɗakin inji, ko abinci ba ya hawowa ci. Jama'a, ba son inji ba ne. Amai yake yi. Tun daga ranar farko har ta ƙarshe teku ba ta daina juya masa ciki ba. Ni nake cusa masa citta da biskit mai gishiri a jaka. Na sha ce masa, "Kai tsoho, ga aiki a gareji, ka dawo ƙasa mana." Sai ya ce, "Verna, in na sauka wa zai lallaɓa injin nan? Yaran nan nutsar da kansu za su yi."

Jiya na kai wa Murdock, kukun jirgi, wannan sirri, ina ta kame-kame. Ya dube ni ya ce, "Ke Verna, bokitin aman nan na ɗakin inji wa kike tsammani yake wankewa?"

Na uku shi ne roƙona. Kwamanda, kun shirya gobe jirgi zai yi fitarsa ta ƙarshe da tokar gawar Alcide, a zuba ta a teku. Na san girmamawa ce, na yi kuka da wasiƙarku ta iso. Amma ba zan bayar ba. Mutumin nan ya ba teku ƙuruciyarsa, ya ba ta duk abincin da na taɓa dafa masa. Ya isa haka. Zan kwantar da shi a bayan coci, a kan tudu, inda ƙasa ba ta motsi, inda ni ma zan iya takawa in gaishe shi kullum. In kun fita gobe, ku busa masa ƙaho, zai ji daga can.

Allah ya tsare 'ya'yanmu da ke kan ruwa, ya ba matansu haƙuri, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.