Kada a Cire wa Ƙanen Hadiza Beli

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaida ka da masu sauraro. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Jiratawa, kuma kwanan nan hankalina ba a kwance yake ba.

Kafin mu shiga yajin aikin nan, ɗalibata Hadiza ta faɗi a filin wasa, haƙorinta ya fita. Kwana uku jini yana zuba. An sa toka, an sa garin bagaruwa, bai tsaya ba. Na ɗauke ta da mahaifiyarta muka tafi Maradi.

Likita ya tambaya ko cibiyar Hadiza ta yi jini bayan haihuwarta. Uwar ta ce ƙwarai, kuma wan Hadiza ya rasu kwana biyu bayan wanzami ya cire mishi beli. Da aka auna, likita ya ce jininta ya rasa wani abu da ke sa jini ya daskare, gado ne daga uwa da uba. Aka ƙara mata ruwan jini, ta samu sauƙi. Ya gargaɗe mu kada aska ta taɓa kowane ɗan gidan sai an auna shi.

To, uwar ta haihu, suna ranar Alhamis. Na je wurin kakan jaririn, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Mushe, kai dai koyar da karatunka. An cire mini, an cire wa ubansa."

Kakan yana jin shirin nan kullum. Don Allah likitoci da wanzamai, ku yi mishi magana kafin Alhamis.