Makanikin da Ya Cire Min Ƙarar Bawul

Mai gabatarwa, ina gaishe ka daga Kafanchan, tare da duk masu sauraro.

Ni malamin makaranta ne a Manchok, kuma mashin ne ƙafata. Makon jiya kafireta ta fara tsiyayar fetur har kan takalmina, bawul ɗin injin kuma yana ƙaf-ƙaf kamar tsohon keken ɗinki. Sai na kai mashin ɗin wurin wani makaniki.

Ya ƙwanƙwasa kafireta da sufana sau uku, ya ce, "Tica, datti ne, ya sauka." Bawul kuwa bai auna komai ba, ya ɗaure shi tamau har ƙarar ta ɗauke.

Washegari a Kagoro, kan hanyata ta zuwa makaranta, injin na yin zafi sai ya mutu, ga fetur yana ta zuba. Da turi na isa makaranta, an riga an gama jarrabawar ajina. Shugaban makaranta ya ce in na sake, takardar gargaɗi zan karɓa.

Da na koma wurin makanikin, mutumin nan ko kunya babu ya ce, "Ai ƙarar ka ce in cire, Tica. Kana jin ta yanzu?"

Jama'a, don Allah wa ya san makanikin da ke buɗe kafireta ya wanke, ya kuma auna bawul kafin ya ɗaure? Ranar Litinin ina da aji ƙarfe takwas.