Makulli Na Biyu

A rumfar mai yankan makulli, wani direba da wani dattijo suna jiran layi. Mai rumfar yana aikinsa, kunnensa na wajensu.

"Biyu za ka yanka min," direban ya ce wa mai rumfar. "Na akwatin bindiga ne. Wai sabuwar doka, sai an kulle ta! Baba, ɓarawo zai tsaya jiranka ka nemo makulli?"

"Ni ma haka nake cewa da," in ji dattijon. "Na biyun na waye?"

"Na babban ɗana. Kullum ina kan hanya, wa zai tsare gida?"

"Yana da ƙane?"

"Uku ma. Me ya kawo wannan tambayar?"

"Ni ma biyu na yanka. Na ba babban, na ce ka zama namiji."

"To ka gani! Ɓarayi sun zo?"

"Ko ɗaya. Rana tsaka suka yi faɗa da ƙaninsa a kan aron babur. Faɗan da a da sai dai a yaga riga."

Direban ya ce, "Yanzu suna ina?"

"Ƙaramin muna kai masa ziyara maƙabarta, babban kuma gidan yari." Dattijon ya ɗaga wani kwaɗo mai tsatsa da ya kawo a yanka wa makulli. "Na ɗakinsu ne. Uwarsu ke son ta riƙa shiga tana sharewa."

Mai rumfar ya kashe injinsa, ya dubi direban. "Malam, guda nawa ka ce?"

Direban ya yi ta juya makullin a tafin hannunsa.