Wa Ya Aiko Ciwon Rifkatu

A bencin jira na wani asibiti a Tambuwal, wata tsohuwa daga Fakku ta zauna kusa da wata malamar makaranta Kirista mai rungume da 'yarta.

"Mi ka damunta, ɗiyata?" in ji tsohuwar.

"Sikila, Inna. Tun jiya ƙafafun Rifkatu ke ciwo."

"Wayyo. Yi haƙuri, Allah na jarraba bawan da shika so."

"Fastonmu cewa yake Allah ba ya aiko wa yaro ciwo. Duniya ce ta lalace, shi kuwa yana tare da mu cikin wahalar."

"Ke kin yarda?"

"In tana barci, na yarda. In tana kuka, faɗa nake yi masa."

"Subhanallahi! Faɗa da Allah?"

"Uba muke ce masa, Inna. Wa zan kai wa kukana?"

"To kai mishi, amma ki rage murya. Kin ci abinci yau?"

"Ban samu ajiye ta ba."

"Miƙo min ita, ga fura nan ki sha. Zancen wanda ya aiko ciwon, ku da fastonku. Ni dai na san wanda ya aiko ni bencin ga."