Ƙyalli a Gefen Idon Tsohuwa

"Ke ce kika mayar da ni abin dariya a waya!"

Tsohuwar ta dafa teburin mai kayan kwalliya, inda aka jera hodar ido mai ƙyalli, 'yar Japan.

"Mama, ai na ce miki bidiyon gwajin hodar zan ɗauka."

"Kin ce duniya za ta gani? Surukata ce ta karanto mini maganganun mutane, tana dariya har da hawaye. Ɗana ya daina haɗa ido da ni."

"Yabo fa na yi. Na ce mai ruwan zinariyar ba ta taruwa a tamoji, ta azurfar ce ke zuba."

"Tamojina kayan tallanki ne?"

Mai kayan ta ƙura mata ido, ta sassauta murya. "Mama, ga ƙyallin zinariyar nan a gefen idonki. Yau kika shafa?"

Tsohuwar ta kai hannu, sai ta fasa gogewa.

"A ɗakina na shafa, daga ni sai madubina. Wannan nawa ne. Wancan na waya kuwa ɗauka kika yi. Rufe shagon nan, ki zo gaban ɗana ki faɗi wanda ya ba ki izini."