Zanen Yaya Hajara a Bakin Bututu

Akuyoyina biyu da gadon ƙarfen da uwata ta bar mini, su suka zama kuɗin mota. A kasuwar Tanout na sayar, dillalin ya cuce ni, na zage shi tas, har gobe in na gan shi sai na ƙara masa. Ke Rabi, ajiye wayar nan ki dube ni. Ba ke ce kike cewa bana sai Aljeriya ba? To ki ji yadda muka tafi ni da uwarki, Yaya Hajara, tunda ubanki ya hana a gaya miki.

Labarin hanya ba sai na ba ku ba. Mun wuce Agadas, muka yi ta hawa arewa har wani gari bisa duwatsu, inda ƙanƙara ke zuba kamar ana tankaɗe gari. Can muka samu aiki gidan wata Madam, matar ɗan kwangila. Ni shara da goge-goge, Yaya Hajara wanki da guga.

Gidan nan ba a buɗe masa taga. Ranar farko na buɗe don in kakkaɓe darduma, Madam ta kurma ihu kamar na shigo da kura. Ta ja ni gaban wani farin akwati a bango, bututu na fita daga kansa. Wai sunansa "dubul fulus". Na ce, "Yaya, ji suna, fulus har biyu, kuɗi kan kuɗi, mu ko ɗaya ba mu gani ba." Aikinsa shi ne ya zuƙo iskar da ta gaji daga kicin da banɗaki da ɗakin wanki, ya tatse ɗuminta ya ba sabuwar iskar da ke shigowa, ya kai wa masu gida ɗakin kwana, tsohuwar kuma ya tofar da ita waje. Ba a kashe shi ko da wasa. Akwai wasu rariya biyu a cikinsa, "filtir" suke cewa, da murguɗa baki. In jar fitila ta kama, ni ke zaro su in zuƙe dattin, in goge bakin bututun kowane ɗaki, in duba 'yar tiyon da ruwa ke ɗiga kada ta toshe. Akwatin nan ya fi mu gata. Shi in ya yi nishi, ana kira masa gwani.

Mu a ɗakin wanki aka ajiye mu, can ƙasa. Bututun wurin zuƙa kawai yake, ba ya bayarwa. Na tambayi dalili, Madam ta taɓa hanci ta ce saboda wari. Ɗuminmu dai ana so a sama.

Da sanyi ya kankama, uwarki ta fara tari. Abin da ba mu sani ba, bututun nan ɗan gulma ne. Wata safiya Madam na shan kafe ta ce, "Wa ke tari kamar tsohuwar tunkiya? A banɗakina nake jin sa."

Na ce, "Ni ce, Madam, barkono na shaƙa."

"Mai tari ba ya kwana inda 'ya'yana suke. Na sake ji, waje."

Da muka sauko, Yaya Hajara ta zauna bisa bokiti. "Zuwaira, in ta kore ni cikin ƙanƙarar nan, ina zan nufa?" Sai ta ciro zanenta, shuɗin nan mai hoton zabi, ta hau kujera ta cusa shi cikin bututun, ta mayar da murfi.

"Yaya, Madam ta ce ba a wasa da shi."

"Ƙanwata, can gida Olelewa in rami ya dame ki, tsumma kike cusa masa. Ramin Turawa ma rami ne."

Kuma ya yi aiki, Madam ba ta ƙara jin komai ba. Amma ku tuna a ɗakin nan ake shanya. Tururin guga da jiƙaƙƙen kaya suka rasa hanyar fita. Bango ya fara gumi, kusurwa ta yi baƙi, katifa kamar an yi mata fitsari. Tarin ya sauka ƙirji, har ta fara ɓoye mini tsumman da take tofawa. Na ce mu cire zanen. Ta riƙe hannuna ta ce, "Bari sanyi ya wuce tukun. Rabi na jiran kayan ɗaki." Ke fa.

Rigunan Madam suka tona mu, sun fara warin ruma. Ta kira gwanin. Mutumin ya bi ɗaki ɗaki yana kanga 'yar takarda a bakin bututu. A kicin da banɗaki iska ta zuƙe ta ta manne, a namu ta faɗo ƙasa. Ya sa hannu ya jawo zane, yana ɗiga.

"Na wa ne?" in ji Madam.

Uwarki ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, tari ya riga maganar fita. Ta durƙusa tana yi, Madam tana ja da baya, hanci a rufe. "Dahor!" Wato waje. Sannan ta juya ga gwanin, murya a sanyaye, tana tambaya ko injin ya ji ciwo.

Nan na manta da Larabcin da na koya. Da Hausarmu ta mutanen Falanko na wanke ta, ita da akwatinta da wanda ya haife su, na watsa mata ruwan bokiti a ƙafa. Kafin azahar mu biyu muna bakin titi, kaya a leda.

A cinyata uwarki ta yi tafiyar dawowa. Na kawo ta Olelewa da rai, ubanki ya ce iskokai ne suka taɓa ta. Ba ta ga ruwan farko na damina ba.

Miƙo mini ƙunshin can. Kin ga da'irar nan baƙa a tsakiyar zabin? Bakin bututun ne, na wanke har hannuna ya saɓule, ta ƙi fita. Ungo, kayan ɗakinki ke nan. In har yanzu tafiyar za ki yi, sa shi a saman jaka, inda hannu zai kai da sauri.