Kwalbar da Na Ɓoye Bayan Buhun Gero

Ina gaishe ku duka, iyaye da 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Sunana Saratu, muna zaune a Maisandari ni da maigidana Yakubu. Matan zumuntar cocinmu sun san ni da baki, amma abin da zan faɗa yau akwai kunya a cikinsa.

Sau biyu ina yin ɓari a gida. Duk biyun, Mama, uwar maigidana, ita ta naɗe abin da ya fita a farin ƙyalle, ta binne a gindin dogonyaron bayan ɗakinmu, muka yi addu'a. Haka muka taso muka ga ana yi. Ko gudan jini ne, ɗan mutum ne, ba a yar da shi.

Ciki na uku ya zo da wani irin laulayi. Amai ba dare ba rana, ciki wata biyu amma ya yi girman na wata huɗu. Mama har tana tsokanata wai tagwaye ne. Sai jini ya ɓalle. A asibiti aka yi mini hoto, likitar ta daɗe tana kallo, daga nan aka yi mini wankin ciki.

Washegari ta miƙo mana wata 'yar kwalba mai ruwan magani, da takarda. Ta ce, "Madam, wannan naman da muka cire ne. Ku kai ɗakin gwaji na babban asibiti, za su yanka shi siriri su duba da na'ura. Akwai abin da nake zargi, ba na so in yi ta cinta."

Kalmar yanka kawai na ji. Yakubu zai koma wurin aiki, sai na ce ya bari ni zan kai. Ban kai ba. Na zo gida na tura kwalbar bayan buhun gero a ɗakin girki. Da ya dawo ya tambaya, na kalli tsabar idonsa na ce na kai. Ni da nake jan waƙa a sujadar coci, na yi wa mijina ƙarya, ban ko ƙifta ba.

A zuciyata ina cewa, biyu suna kwance a gindin bishiya cikin mutunci, na ukun ne za a yayyanka kamar albasa? Ba da ni ba.

Kwana biyar kwalbar tana nan, ni kuma ba lafiya. Jinin bai tsaya ba, tashin zuciyar bai tafi ba. In na shiga ɗebo gero sai in kau da kai daga bayan buhun. Mama kuma kullum maganarta ɗaya: "'Yata, ki yi sauri ki sake ɗauka, shi ne maganin baƙin ciki." Na yarda da ita, har na fara ƙirga kwanaki.

Rana ta shida da hantsi, gida ba kowa, na ɗauki fartanya na haƙa rami kusa da na 'yan'uwansa. Na durƙusa da kwalbar a hannu don in yi addu'a kafin in rufe. Na ce, "Ya Uba, ga ɗana na kawo maka." Daga nan bakina ya ƙi. Na sake farawa, ya sake ƙi. Ta yaya zan ce amin a kan ƙarya? Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na fashe da kuka na ce, "Ubangiji, in ni ce ke kan kuskure, kada ka bar ni in rufe ramin nan." Ban ji wata murya ba, ba zan ƙara gishiri ba. Hannuna ne kawai ya kasa sakin kwalbar.

Na tashi da ƙasa a zanina, na tari keke napep zuwa babban asibiti.

Dattijon da ke karɓar kaya a ɗakin gwajin ya dubi ranar da ke kan takardar, ya dube ni. Ya ce, "Baiwar Allah, ina kika tsaya haka? Kin ci sa'a ruwan maganin nan ba ya barin nama ya lalace." Ya ce in dawo bayan mako biyu.

Da yamma na gaya wa Yakubu gaskiya. Bai yi faɗa ba. Kawai sai ya ce, "Saratu, da kin mutu, da me zan ce ya kashe ki?" Makonni biyun nan ko abinci ba na jin ɗanɗanonsa.

Da sakamako ya fito, likitar ta zaunar da mu. Ta ce babu jariri a cikin nan tun farko. Mabiyiya ce ta yi ta tsiro, ta zama ƙananan ƙuraje masu ruwa kamar 'ya'yan inabi. Ta ce wani lokaci ragowarsa yana ci gaba da yaɗuwa a jiki har ya zama ciwon daji, kuma in na sake ɗaukar ciki da wuri, sabon cikin zai rufe alamar, ba za a gane ba sai ya yi nisa.

Aka sa ni gwajin jini duk mako. Maimakon alamar cutar da ake aunawa a jinin ta sauka, tawa ta fara hawa. Aka ɗora ni kan allurai, bakina ya yi gyambo, na rame har zobena yana zamewa. Mama da kanta take raka ni, kuma ita ce yanzu ke cewa, "A bi maganar likita, ba gaggawa." Duk ranar karɓar sakamako sai na riƙe hannunta kafin a buɗe takarda.

Wata shida ke nan jinina yana fita tas. Halleluya!

Ban zo da jariri a baya ba, kuna gani. Likita ta ce mu ƙara jira, muna jira. Ramin nan kuwa na hana a cike shi. Duk safiya in ina shara sai na tsaya a kansa, don na san yanzu ba ɗa na haƙa wa ba, kaina na haƙa wa.

'Yan'uwana mata, in likita ya ba ki kwalba, ki kai. Ki yi addu'arki a cikin keke, Allahn da ya riƙe hannuna a bakin rami yana ji. Ku taya ni gode masa, ku dogara gare shi. Ɗaukaka ta tabbata ga sunan Yesu. Amin.